Ba Rijiya a Sawakin

Har yau in na ga farin dutsen nan mai huji-huji da ake goge kaushi da shi, Kaka nake tunawa, mahaifiyar babanmu, zaune a ƙofar ɗakinta a unguwar Tandabawi, can ƙasa mai tsarki, lokacin ana ta aikin faɗaɗa Harami. Nata dutsen daga Sawakin ta zo da shi, kuma wallahi ko taɓa shi ka yi sai kunnenka ya gaya maka.

Sawakin ɗan tsibiri ne a gaɓar Sudan, inda mutanenmu ke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Kaka ta ce zagayayye ne kamar faifai, can ƙuryar wani lungun teku, siririyar hanya guda ce ta haɗa shi da tudu. Gidajensa da irin dutsen nan na teku aka gina su tun zamanin Turkawa. Kafin nan kuwa, in ji ta, a can Annabi Sulaimanu ke tsare aljanu. A can ta bar ƙanwarta da tsohon ciki, a kan za ta biyo baɗi. Baɗin da bai zo ba ke nan har Kaka ta yi furfura.

Duk lokacin Hajji, wanda ya ce ta Sudan ya biyo sai an kawo mata shi. To, mutane akwai son faranta wa tsohuwa da ƙarya, shi ya sa take fara ɗana tarko: "Rijiyar tsakiyar tsibirin tana nan kuwa?" Da ya ce tana nan, halas, shi ke nan ta gane ƙarya ce, ya sha shayinsa ya kama gabansa.

Wata shekara, ana tsananin zafi, aka kawo wani dattijo. Ya ce, "Hajiya, wace rijiya? Ai ruwan daɗi daga tudu jakuna ke kawo shi." Ashe ya daɗe can yana ɗinki, ba Bahaushen da bai sani ba.

Na ce a raina yau dai an dace. Amma Kaka ta tambayi masallaci, ta tambayi kasuwar kifi, ta sa aka zubo masa tuwo, ta sallame shi. Haushi ya kama ni, na ce, "Kaka, ba ki tambaye shi ƙanwarki ba!"

Ta ce, "Ke, rufe mini baki. Yanzu haka tana can tana goyon jikoki. In na tambaya fa?"

Yau an ce gidajen tsibirin sun zube, kuma da wayar hannu ba wanda ba a nemowa. 'Ya'yana sun sha cewa in ba su sunanta su bincika. Na san sunan sarai. Ban ba su ba.