Kaka da Sistar Awo

Kakata ta haifi 'ya'ya mata biyar, kuma duk wadda ta samu ciki a cikinsu, kafin mijinta ya sani Kaka ta sani. Sana'arta sayar da sabulu da gishiri a kan tebur a ƙofar gida, amma abin da take taƙama da shi kula da masu ciki ne. Ta leƙa idonki, ta taɓa ƙafarki, ta faɗa miki abin da za ki ci. Haka ake yi har aka zo kan autarta, wadda muke kira Anti Ƙarama.

Anti ta fara zuwa awo asibitin unguwa, ta dawo da maganar da ta hana Kaka sukuni: Sista ta ce in sha maganin ƙarin jini, Sista ta ce in kwana a gidan sauro.

"Sista ta ce, Sista ta ce!" in ji Kaka. "Ita ta yi naƙudarki?"

"Inna, aikinta ne fa."

"Ni kuma nawa gadin sabulu ne ko?"

Da cikin ya tsufa, ƙafafun Anti suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ga ciwon kai. Kaka ta ce nauyin ciki ne kawai, a zauna a gida. Ranar awo sai ta tsiro da aiki, wai a tsare mata tebur. Anti ta yafa mayafi ta ce sai ta je. Kaka ta lulluɓe kayanta da buhu, ta ce to a tafi, yau sai ta ga wadda ta ƙwace mata 'ya. Ni na riƙe musu jaka.

Mun daɗe a benci kafin layi ya zo kanmu. Sista wata siririya ce mai tabarau. Kaka ta ƙare mata kallo, ta raɗa mini, "Wannan ce? Iska ma sai ta ɗauke ta."

Sista ta auna jinin Anti, ta sake aunawa, ta sa aka gwada fitsari. Ta ce jini ya hau sosai, in aka bari zai iya kawo jijjiga, a rasa uwa ko ɗa. Ta ba da magani, sannan ta juyo wajen Kaka.

"Mama, wa zai sa mata ido a gida? In kai ya matsa, ko ta fara gani dishi-dishi, a kawo ta nan take."

"Wa kuwa? Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Daga ranar Kaka ta ƙulle maganin a bakin zaninta. Da hannunta take miƙa wa Anti, tana tsaye har ta haɗiye. Awo kuwa ba a sake zuwa babu ita ba, duk da ko gaisuwar Sista da ƙyar take amsawa.

A asibiti Anti ta haihu lafiya, 'ya mace. Ba a bar Kaka ta shiga ɗakin haihuwa ba, sai kai da komo take a baranda. Da Sista ta fito da jaririyar a naɗe cikin tawul, Kaka ta karɓa, ta warware naɗin, ta sake yin nata. Sai da Sista ta juya baya ta ce mini, idonta cike da ƙwalla, "Kin ga ta riga ni ganin fuskarta ko?"