Ƙwayar da ke cikin dabinon Kaka

Ina kwance da littafina na soyayya bayan La'asar, sai na hango kakata Inna ta cire ƙwallon dabino, ta cusa ƙwayar magani a ciki, ta kai wa mijinta, wanda muke kira Kaka.

Kaka tsohon maƙeri ne, hayaƙi ya taɓa masa huhu. Bara da ciwon ya tashi, daga Baure sai asibitin Daura, numfashi na neman gagararsa. Likita ya ba shi abin shaƙa, ya haɗa da maganin rage kitsen jini. Kaka ya ce shi da ya rame kamar kara, wane kitse za a rage? Ya ƙi sha.

Da Inna ta fita, na matsa kusa.

"Kaka, ka san abin da ke cikin dabinon nan?"

"Amaryata, ai tun ranar farko na ji ɗacinsa."

"Shi ne ka yi shiru?"

"In na yi magana, ke za a riƙa aikowa da kofin ruwa. Yanzu kuwa da kanta take kawowa, ta zauna har in haɗiye."

Kunya ta kama ni, na rufe littafina. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, alhamdulillahi.

Ku fa, kun taɓa kama tsofaffinku suna irin wannan?