Sunan da Esnati Ta Rubuta a Allo

Ranar Asabar muka binne Esnati Makwinja a ƙauyensu, bayan Thyolo. Shekara ashirin da biyu muna goya kwando tare a gonar shayi, ni da ita. Har yanzu in na kwashe nsima, tuwonmu na masara, sai in ga na yi malmala biyu, ɗaya tata.

Gajeriya ce, ga murya kamar ta mai tallan kifi. Da aka naɗa ta kapitawo, mai kula da mu mata arba'in, ba ta ajiye kwandonta ba. Ita ke raba layuka kowace safiya, kuma layin kan gangare, inda santsi ke kayar da mutum, shi take ware wa kanta. Tana da baki, ba zan ɓoye ba. In na tsinko tsohon ganye sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Felista, wannan shayi za a yi da shi ko tabarma?"

Sai aka kawo mana sabon manaja, Bwana Chimwaza. Kamfani ya tura shi kwas na kwana biyar a wani otal a bakin tafki, ya dawo da ƙarin tumbi, da satifiket cikin gilashi, da manyan kalmomi cike da baki: nagarta, jagoranci, kyawun hali. Mutumin da in ya shigo gona sai ya naɗe ƙafar wando kada raɓa ta taɓa shi, shi ne ya shanya mu a rana yana koya mana hali.

Ya sa aka kafa allo kusa da sikeli. A sama a rubuta gwanar wata, a ƙasa a rubuta ta baya. Duk wadda sunanta ya fito a ƙasa sau uku ta bar aiki, ta bar ɗakin kamfani. Kuma kapitawo ce za ta rubuta da hannunta. Wai jagoranci ke nan.

Kowa ya san wadda allon zai ci. Agogo Nachisale ce, wato Kaka Nachisale a yarenmu, tsohuwar da sanyin ƙashi ya murɗe wa yatsu, ba ta da inda za ta in an karɓe ɗakin. Da ma mun saba, kafin a kai sikeli kowace ta zuba mata ɗan ganye a kwando. Bwana ya kafa mai gadi ya hana.

Wata ya ƙare, aka miƙa wa Esnati alli. Ta yi ɗage, ta rubuta sunan gwana a sama. Ta sunkuya ta rubuta nata sunan a ƙasa.

Bwana ya ce, "Mayi Makwinja, mene ne wannan?"

"Sunana ne, Bwana. Ai na ɗauka a otal ɗin har da karatu aka koya muku."

"Kwandonki ya fi na kowa nauyi!"

"Ku kuka ce mana in aiki ya yi baya a tambayi shugaba. To ga ta nan."

Mata suka toshe baki da zane. Wata na biyu ma haka ta yi. A hanyar gida na riƙo hannunta na ce, "Achemwali, 'yar'uwata, saura ɗaya fa. Ki rubuta nawa wannan karon, mu raba."

"Ke? Da wannan lalacin naki ai cewa za su yi gaskiya na rubuta." Ta yi dariya, sannan ta daina. "Ranar da na sa sunan wata a ƙasan nan, na zama shi, tumbin kawai na rasa."

A wata na uku ta sake rubuta sunanta. Da Bwana namiji ne da ya cire allon ya yi shiru. Ina! Kunyar satifiket ta fi masa mace mai shekara ashirin da biyu a gona. Ya sallame ta. Aka yi ta yawo da alli daga hannu zuwa hannu, babu wadda ta karɓa, har ruwan sama ya wanke allon, gara ta ci ƙafafunsa. Agogo tana ɗakinta har yau.

Shekara biyu Esnati na sayar da ayaba a bakin titi kafin ciwon ƙirji ya ɗauke min ita.

Wajen jana'iza, bayan dangi da coci sun yi magana, aka kira wakilin wajen aiki kamar yadda aka saba. Sai ga Bwana Chimwaza ya tashi daga kujerun maza, da takarda a hannu. Ya gyara murya. "Marigayiya abar koyi ce wajen jagoranci, kuma mu a kamfani..."

Daga ƙasa inda muke zaune, Agogo ta ɗauko waƙar coci da muryarta mai rawa. Muka amsa, mu duka. Ya tsaya yana jira. Da waƙar ta ƙare ya buɗe baki, wata ta ɗauko sabuwa. A ta huɗu ya ninke takardarsa ya nemi kujera.

Sannan na kama Agogo na miƙar da ita. Ta dubi akwatin ta ce, "Mu ne wajen aikinta. Takan ɗauki layin gangare." Ta koma ta zauna, maza suka ɗaga Esnati.