Gonar Marayuna a Gaban Alƙali

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya share mini, amma ranar da na durƙusa a zauren alƙalin Gumel saboda gonar 'ya'yana, wannan sai dai a binne ni da ita.

Lokacin Nasara ba su daɗe da kama ƙasa ba, mu kuma ba mu gama farfaɗowa daga yunwar da ta cinye rabin ƙauyenmu na kusa da Ɗanzomo ba. Maigidana ya rasu da bazara, ya bar ni da yara biyu ƙanana, da gona guda, da rumbu mai ɗan abin da ba a rasa ba. Na shiga takaba, ba fita, ba ɗaga murya. Ruwan shuka ya sauka ina ɗaki.

Sai ga wan mijina ya shigo ba ko sallamar kirki. Ta ƙofar ɗaki ina kallo ya hau rumbun, ya sauko da damin da marigayi ya ware don iri, ya saɓa a kafaɗa ya fice. Na ce a raina, to, ya tausaya wa marayu ne, zai shuka musu gonarsu. Ashe wauta ce tawa.

Da na fita takaba gero ya riga ya nuna. Na je gaishe shi, na yi godiya, na tambayi ranar girbi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Girbin wa? Ke kika yi noman?"

"Yaya, ai gonar ƙanenka ce."

"Al'adar garin nan, wanda ya shuka shi ke girbe. Gonar kuma ta dawo gida. In yunwa kike tsoro, koma gidanku."

Mai unguwa ya ce al'ada ce, ba ruwansa. Ni kuwa na san in geron nan ya shiga rumbun wani, ɗaya daga cikin yaran nan ba zai ga wata damina ba. Na goya ƙaramar, na bar babban wajen maƙwabciya, na kama hanyar Gumel a ƙasa.

Alƙalin nan na sha jin labarinsa. An ce ya yi karatu a gabas, kuma kafin a naɗa shi, shi ke tsaya wa waɗanda ba su iya magana a gaban shari'a ba. Na zaci zan ga ƙato mai tsawa. Sai na tarar da ɗan siririn dattijo a kan buzu, yana magana kamar mai jin barci. Ya aika aka kira wan mijina.

Da aka zaunar da mu, na buɗe baki na yi ta zuba, tun daga ranar aurena. Alƙali ya ɗaga hannu.

"Uwar marayu, ja numfashi. Abin da na tambaya shi za ki amsa."

Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina shi ma nasu ne. Ya juya ga wan mijina, wanda ya yi bayani tsaf, ya kawo shaidu cewa shi ya yi shuka da noma da maimai. Duk gaskiya ne, ban iya musantawa ba.

Alƙali ya yi ta gyaɗa kai, sai ya ce, "Madalla da ƙoƙari. Geron ya yi kyau kuwa?"

"Allah gafarta Malam, kai ka ce ba a yi yunwa ba. Zangarniya kamar hannuna."

"Ikon Allah! A wannan shekara da mutane suka cinye irinsu? Ina ka samo iri haka?"

Wan mijina ya gyara zama, har da murmushi. "Ai irin gidanmu ne. Marigayi ƙanena ya iya zaɓen iri, duk yankinmu babu kamarsa."

"A rumbunsa ka ɗauka ke nan?"

Nan murmushin ya tsaya. Alƙali ya waiwayo ni, na ce da idona na gani. Wan mijina bai musa ba, don ya riga ya faɗa da bakinsa a gaban shaidunsa.

"To, malam," in ji alƙali, "ƙasa ta marayu, iri na marayu. Kai guminka ka zuba, kuma shari'a ba ta cin gumin kowa. Za a fitar maka da rabon wahalarka a gaban liman. Saura ya koma rumbun da ya fito. Gona kuwa tana hannun uwarsu har yaro ya iya riƙe fartanya."

Na faɗi ina godiya. Shi ko kallona bai sake yi ba, ya ce a shigo da masu biye.

Daga baya na ji sarki ya ɗauke shi cikin majalisarsa, inda ake tsara yadda za a bi da gado da gonaki. Ban ƙara ganinsa ba har ya rasu. Amma yaran nan biyu sun rayu, sun hayayyafa, kuma ba na idar da salla ban sa shi a addu'a ba.

Abin da na koya shi ne, mai gaskiya ma yakan riƙe hujjarsa a hannu bai san ita ce ba. Ni na ga an ɗauki irin, amma ban taɓa tunanin ambatarsa ba, ina can ina ba da labarin aure. Shi ya sa yau in jikoki suka kawo mini ƙara, duk mai ihun cikinsu sai ya yi shiru tukuna. Ni zan yi tambaya.