Hanyar da Aka Sare Cikin Gero

A daminar da aka rufe iyaka ina gida Bangi, na zo hutu daga jami'a. Kaina cike yake da darasin manyan ƙasashe: wadda ƙarfinta ke raguwa, wadda ke tasowa, wadda ake jin za ta juya duniya nan gaba. Nakan zauna gindin itacen bedi ina karantawa kamar mai karanta labarin taurari. Ban taɓa zaton rigimar shugabanni za ta iso tsakar gidanmu ba.

Yayata tana aure a wani ƙauye ƙetaren iyaka, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Cikinta na fari ya shiga wata tara, kuma a wurinmu haihuwar fari gaban uwa ake yin ta. Aka aiko mana cewa ƙafafunta sun kumbura, ga shi ƙauyensu babu asibiti. Motoci sun daina wucewa. Inna ta koma sai ta zuba tuwo ta zauna tana kallonsa.

Baba yana da aboki, wani tsoho Bagobiri, wanda gonarsa rabi tana ƙasarmu rabi tana can. Shi ya ce zai ɗauko ta a amalanken jakinsa. Gero ya fid da kai amma bai nuna ba, kuma babu mai ratsa irin wannan gona da amalanke. Tsohon ya ɗauki adda ya sare layi biyu na geronsa, daga wannan gefe har wancan.

Da hantsi ni da Inna muka tsaya bakin gonar. Amalanken ya fito daga cikin kore, Yaya tana kishingiɗe kan tabarma, raɓa ta jiƙa mata zane. Kafin mu isa gare ta sai ga soja a kan moto mai ƙafa biyu, da bindiga a kafaɗa.

"Tsoho, tsaya! Ba ka san an rufe ba?"

Hausarsa ta nuna Bazabarme ne. Tsohon ya karkata kai ya dube shi.

"Ikon Allah! Yaushe bawa ya fara tsai da ubangidanai?"

Na riƙe hannun Inna. Sojan ya ƙura wa tsagen fuskar tsohon ido, sai na ga bakinsa yana motsi, yana danne dariya.

"Ashe Bagobiri ne. Wannan zane na fuskarka, kaza ce ta yi tono? Mi ka ɗauko?"

"Mutum biyu. Guda bai iso ba tukuna. In ya iso ka tambaye shi kartidantite, ya nuna maka katin shaidarsa."

Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne tun kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba a fushi, kuma abin kunya ne ɗaya ya ga ɗaya cikin matsi ya juya baya. Tun ina ƙarama nake jin wannan wasa a kasuwa, ban taɓa ganin ya tsaya gaban bindiga ba sai ranar. Har yau nakan yi tunanin manyan ƙasashen nan: suna da makamai da yarjejeniyoyi, amma ban san ko akwai wadda ke da wanda zai zage ta ta yi dariya ba. Ko ma wa ƙarfi ya koma hannunsa, wannan nake yi wa duniya fata.

Sojan ya leƙa ya ga ƙafafun Yaya, dariyarsa ta ɗauke. Ya miƙa mata gorar ruwansa.

"Inna, ku yi sauri da ita. Kada ku biya gida, ku wuce asibiti."

Ya shiga gabanmu a hankali har bakin hanya.

Kwana uku bayan haka Yaya ta haifi mace. Ungozoma ta ce jininta ya hau sosai, da a ƙauye naƙudar ta same ta da sai abin da Allah ya yi. Inna ta fita waje ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana godiya a hankali.

Ranar suna Inna ta dama fura mai nono ta ba ni in kai wa sojan. Na tarar an canza masa wurin aiki, ba wanda ya san ina. Na dawo da ƙwaryar na iske tsohon a ƙofar gida. Ya karɓa, ya yi wa sojan addu'a mai tsawo, sannan ya ce rabon bawa ai na ubangida ne, ya shanye.