Asabar ɗin Malama Hafsatu

Hafsatu Mainasara ta yi shekara huɗu tana koyar da buga tafireta a wata sakandaren 'yan mata a Yelwa. Ta rasu a daminar 1999, tana da shekara ashirin da takwas.

A shekararta ta uku aka sa darasin kwamfuta a jadawali, amma ba a kawo kwamfutar ba. Sai ta zana ta a allo, ɗalibai suka haddace sunayen sassanta, suka ci jarrabawa. Abin da ya hana ta sakat shi ne 'yan ajin ƙarshe za su fita da takardar da ke cewa sun iya abin da hannunsu bai taɓa kai wa ba.

Ta shiga bin masu ɗaukar ma'aikata a gari. Wani ofishi aka ce ta rubuto, wani aka ce manaja ya yi tafiya. Malam Tamada, sakataren wata ƙungiyar masunta a bakin kasuwar kifi, shi ne ya saurare ta, don ya gaji da neman mai buga masa wasiƙu. Kwamfuta ɗaya gare shi. Ya ba ta Asabar guda ta gwaji.

Mariya, wadda ta fi kowa sauri a ajin, ita ta fara zama. Ta hau madannan da ƙarfin da tafireta ta saba mata, har tebur na rawa. Da ta kai ƙarshen layi, ta ɗaga hannun hagu don ta tura kan tafireta kamar kullum, sai ta kai wa gilashin kwamfutar mari.

"Malama, ɗiyan nan naki daka suka zo yi?" in ji Tamada. Ya tashi ya kashe na'urar.

Hafsatu ba ta yi musu ba. Ta tambaye shi me yake so mai zama a kujerar nan ya iya. Ya ce hannu mai sauƙi, da gyara kuskure ba tare da sake takarda ba, da ajiye aiki kafin wuta ta ɗauke. Ta rubuta. Mako uku tana sa ɗalibai su yi bugun a gadon bayan juna, wadda ta ji zafi ta yi magana. Da suka koma, Tamada ya tsaya a kansu har suka gama, sannan ya ce su riƙa zuwa shida-shida. Daga baya ya ɗauki Mariya aiki.

Zazzaɓi ya kwantar da Hafsatu kwana biyar, ta cika ranar Laraba.

A wajen ta'aziyya Tamada ya jira mutane suka ragu, ya matso kusa da mahaifinta, Malam Mainasara, tsohon malamin tarihi. Ya gaya masa saura 'yan mata goma sha ɗaya ba su zauna gaban kwamfutar ba, kuma makaranta ba ta sakin ɗalibai sai da babba.

Mainasara ya ce shi bai san komai a kan na'urar ba.

"Rakiya kawai, Malam. Mariya za ta nuna musu."

Ranar Asabar Mainasara ya je ƙofar makaranta da ƙarfe tara, ya sa hannu, ya tafi da shida. Ya zauna a benci a waje har suka gama. Asabar ta gaba ya kai sauran biyar.