Kwallin Saniyya

Shekara talatin maƙwabciyata Saniyya tana gasa burodi a garin Tanta. Bayan korona ta sake ta, ƙarfinta bai dawo ba, ko sallah a zaune take yi.

Ranar da ɗanta Midhat ya kai ta asibiti, sai da ta sa kwalli da rigar biki, don ba ta fita a yamutse. Likita ya duba sakamakon gwaji, ya dube ta.

"Hajiya, ai kin fi ni lafiya! Damuwa ce kawai."

Midhat ya yi dariya. "Kin ji, Mama? Gobe ki hura tanderu."

Washegari na same ta a zube gaban wutar, ta kasa ɗaga faranti.

"'Yar'uwa," ta ce, "ke ma gani kike ƙarya nake?"